Ɓarnar yaronka, bashinka: yadda ake sayen inshorar alhakin laifin wasu

Wata Litinin da sassafe wayata ta yi ƙara. Mai kula da wani bene ne da muka yi wa aikin famfo ranar Juma'a. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yallaɓai, ka zo yanzu, ruwa ya cinye ofishin da ke ƙasa." Kafin in isa an riga an datse ruwan, amma ya kwana biyu yana zuba. Silin ya rufto, kwamfutoci 7 sun jiƙe sharkaf, takardun mutane sun narke a cikin durowa. Da muka hau sama muka duba, wani mahaɗin bututu ne ba a ɗaure shi ya ɗauru ba.

Hannuna bai taɓa bututun nan ba, ranar ma ba na wurin. Aiki ne ya yi mana yawa a makon, na kira wani mai gyara da na daɗe da sani, ya zo da yaransa biyu su taya mu. Ɗaya daga cikin yaran ne ya haɗa wurin. Amma da wasiƙar lauya ta iso bayan kwana 10, sunan kamfanina ne a kanta, babu na mai gyaran, babu na yaron.

Ina da inshora a lokacin, shekara 4 ina biya ban taɓa fashi ba. Na kai musu takardar hankalina kwance. Bayan mako 3 suka amsa cewa ba za su biya ba, suka nuna min wani sakin layi a shafi na 11: duk wanda na ba wani ɓangare na aikina, dole ya kasance yana da tasa inshorar, kuma dole in ga shaidarta kafin ya fara. Ban gani ba, ban ma tambaya ba. Shekara 2 na yi ina biyan diyyar nan daga jikin kamfani, har ta kai na sallami ma'aikata biyu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan sallamar ce ke ci min rai har gobe. Ita ta sa na zauna na koyi abin tun daga tushe, kuma abin da na koya ne zan shimfiɗa maka, ɗan'uwa mai sana'a, ko da yaro ɗaya tak kake aika.

Me ya sa ɓarnar wani take hawa kanka

Da can na ɗauka shari'a a kan karin maganar nan take tafiya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wajen ɓarnar ma'aikaci ba haka ba ne. Dokokin ƙasashe da yawa sun tafi a kan cewa idan mutum yana yi maka aiki, ya cutar da wani a cikin wannan aikin, wanda aka cutar yana da damar ya biyo ka, ko da kai ba ka yi sakacin komai ba. Yaron bai kuɓuta ba, shi ma ana iya ƙararsa, amma wa zai ɓata kuɗin lauya a kan wanda ba shi da abin biya? Hujjar alƙalai ita ce kai ka kafa sana'ar, kai ka zaɓi mutumin, kai ka tura shi gidan mutane, kai kake cin ribar guminsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma kai ne mai halin sayen inshora ka shigar da kuɗinta cikin kuɗin aikinka. Na ji haushin wannan ƙa'ida da farko. Amma da na tuna fuskar matar da ofishinta ya jiƙe, wadda ba ta san ni ba balle yaron, sai na ga adalci ne.

Tsananin ƙa'idar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa tana cikin kundin dokokin farar hula tun 1804, a sashe na 1384 wanda aka mayar 1242 a 2016, kuma maigida ba ya kuɓuta don kawai ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A Jamus sashe na 831 na nasu kundin ya bar ƙofa: idan maigida ya nuna ya yi taka-tsantsan wajen zaɓen ma'aikacin da sa ido a kansa, yana iya fita. Saboda haka ka nemi lauyan ƙasar da kake sana'a ya gaya maka inda taku dokar ta tsaya. Misalan da zan kawo yawancinsu daga kotunan Birtaniya ne, domin ƙasashe da dama da suka gaji tsarin shari'arta suna duba waɗannan hukunce-hukunce.

Tambaya biyu kotu kan yi. Wace dangantaka ce tsakaninka da wanda ya yi ɓarnar? Sannan, ɓarnar tana da alaƙa da aikin da ka sa shi?

Ta biyun ce ke girgiza masu sana'a, don kusan kowa yana zaton idan ya hana yaronsa abu, yaron ya je ya yi, to shi ya fita. A 1862 wani kamfanin keken dokin fasinja na Landan, London General Omnibus, ya rubuta wa direbobinsa kada su yi tsere, kada su tare wa abokan hamayya hanya. Wani direba ya tare, keken ɗaya kamfanin ya kife. Kotu ta ce kamfanin zai biya, domin aikinsa direban yake yi, ya dai yi shi ta hanyar da aka hana. A 1942 kuma, direban tankar man fetur yana juye mai a wani gareji a Belfast, ya kunna taba ya jefar da ashana a ƙasa, wuta ta tashi. Aka ce ai shan taba ba aikin kamfani ba ne, don kansa ya sha. Kotun ƙarshe ta Birtaniya ta ce a'a, tsayuwa a kan man nan ana juyewa shi ne aikinsa, kuma ya yi shi da sakaci. Duk sanda na ga yarona riƙe da fitilar walda kusa da katako, wannan ashanar nake tunawa.

Har duka ma yana shiga. A 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ɗora wa kamfanin Morrisons alhakin wani ma'aikacin gidan mansa a Birmingham, wanda ya zagi wani mutum da ya shigo da tambaya, ya bi shi har mota ya doke shi. Kotun ta ce aikinsa shi ne kula da masu shigowa, kuma daga zagin har dukan abu ɗaya ne da bai yanke ba. Amma ƙa'idar tana da bakin iyaka. A 2020 wannan kamfani ɗin dai ya tsira a gaban kotun guda, bayan wani mai binciken kuɗinsa ya watsa bayanan albashin ma'aikata kusan 100,000 a intanet saboda ƙullin da ya yi wa kamfanin. A nan kotu ta ce ramuwar gayyarsa yake yi, ba aikin maigidansa ba. Abin lura a wurina shi ne ko a inda suka yi nasara, sai da shari'ar ta ratsa kotu uku. Ƙaramin mai sana'a kuɗin lauya kaɗai ya isa ya durƙusar da shi kafin a kai ga hukunci.

Fara da biro da takarda, kada ka fara da dillali

Kuskuren da na yi, na je na ce a ba ni inshorar kasuwanci, aka ba ni, na biya, na jefa takardar a durowa. Kai kada ka je wurin kowa tukuna. Zauna ka rubuta duk mutumin da a cikin shekarar da ta wuce ya yi wani abu da sunan sana'arka. Ma'aikatan albashi su ne masu sauƙin tunawa. Ƙara 'yan aikin rana, masu koyon sana'a, ƙaninka da ke tsare maka wuri idan ka yi tafiya, wanda kake kira idan aiki ya yi yawa, mai babur ɗin da ke kai maka kaya, ma'aikacin da wani kamfani ya ara maka, da masu taimako don Allah idan ƙungiya kake gudanarwa. Ranar da na yi wannan lissafi ina da ma'aikata 9 a littafin albashi, sunayen da na rubuta kuwa 23 ne.

A gaban kowane suna ka amsa wa kanka da gaskiya: wa ke gaya masa lokacin zuwa da tashi, kayan aikin wa yake riƙewa, rigar wa yake sawa, yana da wasu abokan ciniki nasa ko kai kaɗai ne, idan aiki ya lalace wa ke asara. Kotu ba ta cika damuwa da sunan da kuka ba dangantakarku a takarda ba, yadda kuke yi a zahiri take dubawa. A Ostireliya a 2001, wani ɗan aike a kan keke sanye da rigar kamfani ya buge mai tafiya a ƙasa ya wuce. Kamfanin ya ce 'yan aikensa masu zaman kansu ne. Babbar kotun ƙasar ta duba rigar, ta duba wa ke raba aiki da yanke lada, ta ce ma'aikatansa ne. A Birtaniya a 2016 an ɗora wa ma'aikatar shari'a alhakin wani fursuna da ke aiki a ɗakin girkin gidan yari, wanda ya saki buhu a bayan shugabar wurin, alhali fursuna ba ma'aikacin albashi ba ne. A ɗaya gefen, bankin Barclays ya tsira a 2020 daga laifin wani likita da yake tura wa masu neman aiki, domin likitan yana da tasa sana'ar mai cin gashin kanta.

Mai gyaran da na kira, da kayan aikina ya yi aiki, ni na ce ya zo ƙarfe 8, mai benen kuma bai san da shi ba, ni ya sani. Lauyana ya dube ni ya ce, "Malam, ko a gaban wane alƙali muka je, za a ce mutuminka ne, kuma ko ba haka ba, kai ka sa hannu a kwangilar."

Bayan sunaye, sai ka rubuta mafi munin abin da kowannensu zai iya jawowa a rana ɗaya. Kada ka auna da girman aikin. Aikin da ya jawo min masifa na rabin yini ne. Ka auna da abin da ke ƙasa, da abin da ke maƙwabtaka, da wanda ke wucewa ta ƙarƙashin tsani.

Wace inshora ke ɗaukar wace ɓarna

A yawancin wurare ba za ka sami takarda guda da ta ɗauki duk laifin wasu ba. Abin a rarrabe yake cikin inshorori daban-daban, kuma a tsakaninsu ne ake faɗawa rami.

Ginshiƙin ita ce inshorar alhakin jama'a. Ita ke biya idan mutanenka sun ji wa wani na waje rauni ko sun lalata dukiyarsa: ruwan da ya zuba, tsanin da ya faɗo a kan mota, wayar da aka bari a hanya wani ya yi tuntuɓe. Galibi ba ta biyan gyaran aikinka da ya lalace shi kansa. Mahaɗin bututun kai za ka sake, silin da kwamfutocin ne nata. Sau da yawa kuma tana togace kayan mutane da ke hannunka don ajiya ko gyara, don haka mai gareji da mai wanki da mai dakon kaya su nemi a ƙara musu wannan da suna.

Idan ma'aikacinka ya ji wa ɗan'uwansa ma'aikaci rauni, wannan ma yana iya hawa kanka, kuma inshorar alhakin maigida ce ke ɗauka, ba ta jama'a ba. Ƙasashe da yawa sun wajabta ta ko wani tsari mai kama da ita. A Birtaniya dokar 1969 ce ta wajabta, kuma mafi ƙarancin abin da aka yarda a yanzu fam miliyan 5 ne.

Mota tana da nata babi, kuma a nan na ga mutane da yawa sun sha mamaki. Motar kamfani kowa ya san a yi mata inshora. Amma ka aiki sakatarenka banki a cikin motarsa, ya buge wani a hanya. Aikenka yake yi, don haka ana iya biyo ka. Inshorar motarsa ta gida sau da yawa ba ta haɗa da zirga-zirgar kasuwanci ba, inshorar alhakin jama'a kuma ta togace haɗarin mota. Akwai ƙari na musamman don motocin haya da motocin da ba mallakin kamfani ba. Ka tambaye shi da bakinka, don ba kowane dillali zai tuna maka ba.

Wanda ke sayar da ilimi ko shawara, kamar akanta, injiniya, lauya, mai zanen gini ko asibiti, yana buƙatar inshorar kuskuren ƙwararru, domin kuskuren lissafin ƙaramin ma'aikaci ba rauni ba ne, ba fasa kaya ba ne, asarar kuɗi ce zalla, ta jama'a kuwa ba kasafai take kallon wannan ba. Sata da zamba su ma daban suke. Tun 1912 kotun ƙarshe ta Birtaniya ta ɗora wa wani ofishin lauyoyi a Liverpool alhakin magatakardansu da ya yaudari wata mata da mijinta ya rasu ta sa hannu ta mallaka masa gidajenta, duk da cewa ofishin bai ci ko sisi ba. Idan mutanenka suna shiga gidajen jama'a ko suna riƙe kuɗinsu, nemi inshorar amanar ma'aikata, ka kuma tabbatar ta haɗa da abin da aka sace wa abokin ciniki, don wasu abin da aka sace maka kai kaɗai suke biya. Masu makaranta da gidan renon yara da gidan kula da tsofaffi, ina roƙonku ku duba batun cin zarafi da idon basira. Kotunan ƙoli a Kanada a 1999 da Birtaniya a 2001 sun ɗora wa masu irin waɗannan wurare alhakin ma'aikatan da suka ci zarafin yaran da aka ba su amana, kuma takardun inshora da yawa sun cire wannan sai an nema an biya daban.

Wanda addininsa ya sa yake ƙyamar inshorar da aka saba, akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta faɗa wa. Kamfanin farko na zamani a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, kuma masu takaful da yawa suna da irin waɗannan nau'o'in. Tambayoyin da za ka yi musu duk ɗaya ne.

Yadda ake karanta takardar

Ka ce a ba ka cikakkiyar yarjejeniyar kafin ka biya, ba shafin farko mai tambari kaɗai ba. Ni daga baya nake fara karantawa yanzu, daga sharuɗɗa da abubuwan da aka togace, sannan in dawo gaba.

Nemi wurin da aka fassara kalmar ma'aikaci. Ɗauko jerin sunayenka ka gwada kowa a kan wannan fassarar. Mai koyon sana'a ya shiga? Ɗan aikin rana fa? Wanda aka ara maka? Duk wanda bai shiga ba, ka ce a rubuta shi. Sannan ka duba yadda aka bayyana sana'arka. Idan an rubuta gyaran famfo, kai kuma ka fara sa na'urar dumama ruwa mai aiki da gas, ranar da wuta ta tashi za a ce maka ba wannan suka ɗauka ba.

Sai maganar ganganci. Babu inshorar da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi da gangan don ya amfana, wannan daidai ne. Amma tambayar ita ce gangancin wa? Idan yaronka ya mari abokin ciniki, shi ya yi niyya, kai ba ka yi ba. Takarda mai kyau tana kallon kowane wanda aka yi wa inshora shi kaɗai, ta hana mai marin, ta tsaya wa kamfani. Wata kuwa ta cire duk wani duka ko faɗa gaba ɗaya, ko wa ya yi. Masu kamfanin gadi da masu wuraren taro, wannan layin ne rayuwarku. Na tambayi dillaliyata a kan wannan, ta ce, "Yallaɓai, bari in tambayo maka a rubuce." Tun daga ranar na riƙe ta, domin abin da aka faɗa da baki ba ya zuwa kotu.

Lokaci ma tarko ne. Wata inshorar tana duba ranar da ɓarnar ta faru: idan kana da ita a shekarar, za ta biya ko bayan shekaru aka kawo ƙara. Wata kuma, musamman ta ƙwararru, tana duba ranar da aka kawo ƙorafin, don haka dole ta kasance tana raye a ranar. Irin wannan ta biyun tana da wata rana a rubuce wadda duk aikin da aka yi kafin ita ba ya ciki. Idan za ka sauya kamfani, kada ka yarda a matso da wannan ranar gaba, in ba haka ba duk ayyukan da yaranka suka yi a baya sun zama marayu. Idan kuma za ka rufe sana'a ko ka sayar, sayi ƙarin wa'adi na wasu shekaru, domin ƙara ba ta san ka yi ritaya ba.

Iyakar biya iri biyu ce, ta kowane haɗari da ta shekara gaba ɗaya. Ka tambaya ko kuɗin lauya daga cikin iyakar ake cirewa ko a kanta ake ƙarawa, don idan daga ciki ne, doguwar shari'a za ta cinye rabin abin da za a ba wanda aka cutar, ragowar ya dawo kanka. Akwai kuma kason farko da kai za ka biya a kowace ɓarna kafin su sa hannu. Ɗaga shi yana rage kuɗin shekara, amma kada ka ɗaga shi ya wuce abin da za ka iya fitarwa a mako guda ba tare da ka taɓa albashin mutane ba. A ganina gara ka ɗauki kason farko mai ɗan nauyi ka sayi iyaka mai tsawo, da ka yi akasin haka. Ƙaramar ɓarna za ka iya jurewa, babbar ce ke rufe kamfani. Idan iyakar ba ta kai abin da ka rubuta a matsayin mafi muni ba, akwai inshorar ƙari da ke hawa a kan ta farko.

'Yan kwangila

A nan na faɗi, don haka a nan na fi tsanani. Ba wanda ke taɓa aikina yanzu sai na ga takardar shaidar inshorarsa. Ba na tsayawa a kan hoton da ya turo ta waya. Ina kiran kamfanin da ya ba shi in tabbatar tana raye, in duba ranar ƙarewarta, in duba ko irin aikin da zan ba shi yana ciki, in ga ko iyakarsa ta kai tawa. Idan za ta ƙare a tsakiyar aiki, ina rubuta ranar a kalanda. A babban aiki ina neman a sa sunan kamfanina cikin waɗanda inshorarsa za ta tsaya wa, kuma muna rubuta cewa ɓarnar da ta fito daga hannunsa shi zai ɗauka. Wannan alkawarin ba shi da wani amfani idan ba inshora a bayansa, don wanda ba shi da komai ko ya sa hannu sau goma ba abin da zai biya.

Akwai masu gyara nagari da ba su da halin sayen inshora, kuma ba na son in yanke musu abinci. Irin waɗannan ina gaya wa kamfanin inshorata cewa ƙarfinsu kawai nake saya, da kayana suke aiki a ƙarƙashin kulawata, a lissafa su cikin ma'aikatana. Kuɗin shekara yana ƙaruwa, tunda galibi a kan jimillar albashi ko cinikin shekara ake yanke shi, amma kowa ya san matsayinsa.

Ka kula da abin da kai ma kake sa wa hannu. Manyan masu ba da kwangila kan rubuta cewa duk abin da ya faru a wurin aiki kai za ka ɗauka, har da laifin mutanensu. Inshora da yawa ba sa biyan nauyin da ka ɗora wa kanka da alkawari wanda doka ba ta ɗora maka ba. Tura wa dillalinka wannan shafin kafin ka sa hannu.

Duk wannan yana tsaye ne a kan gaskiyar da ka faɗa a fom. Tun 1766 alƙali Mansfield a Ingila ya kafa cewa mai neman inshora ya fi kamfani sanin haɗarinsa, don haka wajibi ne ya bayyana. Idan ka ɓoye cewa kuna walda, ko kuna hawa sama da bene biyu, ko an taɓa kai ku ƙara, don a rage maka kuɗi, ka sayi takardar da za ta gudu ranar da kake nemanta. Sana'a kuma tana sauyawa a tsakiyar shekara. Ka ɗauki sabbin mutane, ka shiga sabon layi, ka fara aiki a wata ƙasa, sanar da su a lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da abin ya faru

A cikin kowace motar aikinmu akwai ɗan kati. Abin da ke jiki kaɗan ne: a taimaki wanda ya ji rauni tukuna, a tsayar da ɓarnar, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a kira ni. Na koya wa yarana su jajanta wa mutum da zuciya ɗaya, amma kada su ce laifinmu ne za mu biya, kada su sa hannu a komai. Kusan kowace yarjejeniya ta hana amsa laifi ko yin sulhu ba da izinin kamfanin inshora ba, kuma wanda ya yi zai iya rasa diyyar baki ɗaya. Ni ma nakan sanar da su a ranar, a rubuce, ko da ba wanda ya yi maganar ƙara tukuna. Jinkirin sanarwa yana cikin manyan dalilan da ake ƙin biya. Na kuma yi wa yaran alkawari cewa wanda ya kawo min labarin kuskurensa da wuri ba zan kore shi a kan wannan ba, domin yaron da ke tsoron kora ɓoyewa zai yi, ruwa kuma ya kwana biyu yana zuba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa jin mai sana'a ya tambaya ba. Idan kamfanin inshora ya biya, doka takan ba shi damar ya tsaya a matsayinka ya bi wanda ya yi ɓarnar ya karɓo kuɗinsa. A Ingila a 1957 an yi wata shari'a mai ban tausayi: direban babbar mota ya yi baya ya take abokin aikinsa, wanda mahaifinsa ne. Inshorar kamfanin ta biya uban, sannan ta yi ƙarar ɗan da sunan kamfanin, ta kuma yi nasara. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa kamfanonin inshora na ƙasar suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su riƙa bin ma'aikata ba sai inda aka yi ganganci ko haɗin baki. Ba ko'ina ake da irin wannan fahimtar ba. Ka ce a rubuta maka cewa ba za a bi ma'aikacinka a kan kuskuren da ya yi bisa tsautsayi ba. Ni da na nema, layi biyu suka ƙara a ƙasan shafin ƙarshe, na tara yaran a wurin ajiyar kaya na karanta musu.